Agwagin da Gwaggo ta ba ni kiwo

Daga Allah muke, wurinsa muke komawa. Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta koma ranar Talata da hantsi a ɗakinta da ke Kwandiko ta ƙasar Gwaram. Ni daga Sundimina na taso. Motar da na samu ta daɗe tana jiran cika a Birnin Kudu, ko da na iso maza sun dawo daga maƙabarta suna wanke ƙafa.

Gidan ya cika. Mata sun zauna tun daga ƙofar ɗakinta har gindin rumbu. Wata dattijuwa tana kuka tana cewa Gwaggo ce ta karɓi haihuwarta duka tara. Wata ta ce Gwaggo ce ta yi wa uwarta wankan gawa, ko goro ba ta karɓa ba. Wata maƙwabciya ta ce sun yi shekara ba sa gaisawa a kan akuyar da ta ci mata shanya, amma ranar da mijinta ya kwanta ciwo Gwaggo ce ta fara shigowa da kunu, ta ajiye ta fita ba ta ce mata uffan ba. Kowa da nasa.

Ana cikin haka agwagin gidan suka fito a jere daga bayan madafi, toron yana gaba yana huci, suka ratsa ta tsakiyar tabarmin masu zaman makoki. Ɗaya ta tsoma baki a ƙwaryar gumbar sadaka. Matan da ke kuka suka fashe da dariya, hawaye na fuskarsu. Babbar 'yar Gwaggo ta ce a ƙyale su, sun fi kowa rashi.

Ni ban yi kuka ba. Na binne miji biyu da 'ya'ya uku, hawayena ba sa zuwa don an kira su. Aka ce ke ba ki ce komai ba. Na ce Allah ya jiƙanta. Ban iya magana a taro ba. Shi ya sa nake so a ajiye nawa a takarda, kada ya ɓace idan ni ma na tafi.

A wajenmu idan mace ta rasa komai, 'yar'uwa ko maƙwabciya takan ba ta tunkiya ko akuya ko kaza ta kiwata, in ta haihu a raba 'ya'yan. Haka zawarawa suke miƙewa. Ni ma an taɓa ba ni akuya bayan mijina na biyu ya rasu, wanda katanga ta faɗa masa da damina. Akuyar ta ci leda a bola, cikinta ya kumbura, ta mutu. Daga nan magana ta fito fili. Aka ce farar ƙafa gare ni, duk abin da ya shigo hannuna mai rai sai ya mutu. Shekara bakwai ko kaza ba wanda ya sake ba ni. In na je barka, mai jego takan gyara wa jariri zane ta ƙi miƙo shi. Ban taɓa yi wa kowa gardama ba. A raina ni ma na yarda.

Bazarar shekarar da ta wuce waccan aka yi suna a danginmu a Sundimina. Gwaggo ta zo, ga tsufa ga ciwon gwiwa, ɗauke da ƙwarya rufe da faifai an ɗaure da tsohon zane. An ce tun daga Gwaram ta hana kwandasta taɓa ta, a cinya ta riƙo ta. Kowa ya ɗauka garin kunu ne na mai jego. Sai da mata suka cika tsakar gida ana raba tuwo ta ɗaga murya.

"Ke 'yar Yaya, zo ki karɓi kiwo."

Na ɗauka ba da ni take ba. Ta sake kira. Na je na durƙusa. Ta kwance zanen ta ɗaga faifan.

Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. 'Yan agwagi ne sun cure wuri ɗaya, rawaya da ɗigon baƙi a ka da baya, kowanne bai kai cikin tafina ba. Haske na dukansu suka miƙe gaba ɗaya suna ta kuka siriri, suna taka junansu, ɗaya ya haye bakin ƙwarya ya faɗo a kan zanena ya kwanta rigingine yana harba ƙafa. Na ƙirga a zuci, goma sha ɗaya. Gwaggo ta ce babur ne ya take uwar kwana biyu da ƙyanƙyasa, ita kuma gwiwarta ba za ta iya bin marayu ba. In sun girma sun hayayyafa mu raba.

Wata daga bayana ta yi gyaran murya ta ce, "Gwaggo, anya kin san wadda kike ba?"

Gwaggo ta dube ta sama da ƙasa. Ta ce, "Wannan ni na yanke mata cibi. Ke ce ban sani ba. 'Yar wa ce ke?"

Sannan ta juyo gare ni. Ta ce mini in ba su tsaki da dusa, in kiyaye su da sanyi. Aka ce motar Gwaram za ta tashi, ta ɗauki sandarta ta tafi.

Ban tsaya cin tuwon ba. Na rungume ƙwaryar na yi gida ina sauri kamar na yi sata. Na sake su a ƙasan ɗaki na zauna ina kallo. Duk inda na matsa ƙafa sai su biyo ta a guje. Na tashi in ɗebo ruwa, suka bi ni a jere har bakin randa. Na ji dariya ta fito mini, na waiga in ga ko wani ya ji. Ranar ban ɗora tukunya ba. Na zuba musu busasshiyar dusa a faifai, suka far mata, can sai na ga suna miƙe wuya suna kaɗa kai, ta maƙale musu. Na riƙa ɗiga musu ruwa da yatsa. Ban gane komai ba, na ce ko haka suke ci.

Washegari rana ta buɗe irin ta bazara, wadda ƙasa take ƙona ƙafa. Na ga sun buɗe baki suna haki. Na tuna Gwaggo ta ce sanyi, na ce tsufa dai, wane sanyi a wannan wutar? Kuma kowa ya san agwagwa 'yar ruwa ce. Na jawo bahon wankina na roba, na cika shi da ruwan rijiya, na saka su ɗaya bayan ɗaya. Murnar da suka yi ba ta faɗuwa. Suna zagaye, suna nitso, suna fantsamo mini ruwa a fuska. Na ce yau na yi abin kirki. Na bar su a inuwa na tafi kai niƙa.

Da na dawo ban ji kukansu ba. Gashinsu ya jiƙe ya manne, sun koma kamar 'yan ɓera. Bahon santsi gare shi, sun kasa fita. Uku sun riga sun kife. Sauran na kwashe na goge da zane, na zuba su a cikin rigata a kan ƙirjina na zauna a rana. Sai can la'asar na ji suna motsi, ɗaya ya tsattsage ni da baki. Takwas suka tashi.

Na binne ukun a bayan ɗaki. Ban faɗa wa kowa ba, amma na san gobe za a ƙirga. Da sassafe na mayar da takwas ɗin ƙwarya na hau mota zuwa Kwandiko.

Na same ta a ƙofar ɗaki tana ɓare gyaɗa. Babban ɗanta, taubashina, yana gyaran garma a gefe, matarsa tana tankaɗe. Na dire ƙwaryar a gabanta na ce ga kayanki, abin da ake faɗa a kaina gaskiya ne, ki karɓa tun da saura. Matar ɗanta ta ce a hankali, "Inna, ki karɓi abinki kawai." Ba da mugunta ta faɗa ba. Ita ma ta ji labarina kamar kowa.

Gwaggo ba ta ko taɓa ƙwaryar ba. Ta ce in faɗa mata yadda aka yi. Na faɗa. Ta tambayi zurfin ruwan, na nuna da hannu. Ta tambayi na rijiya ne ko wanda ya sha rana. Ta tambayi ina na tafi, na daɗe ko ban daɗe ba. Taubashina ya ajiye garma yana dariya ya ce, "'Yar kawu, wankan amarci kika yi musu? Da kin gayyace mu." Ni da shi wasa ne tsakaninmu tun muna yara.

Sai Gwaggo ta hau ni da faɗa. Ta ce ɗan agwagwa da man jikin uwarsa yake shiga ruwa, shi ke hana gashinsa jiƙa, wanda ba shi da uwa kuwa ruwa kashe shi yake yi kamar ɗan tsako. Ta ce ko sarauniya ce ta saka su a baho ta tafi niƙa, gawa za ta tarar.

"Ba ƙafarki ce ta kashe su ba, baho ne da rashin sani. Ke kin fi so a ce miki mai baƙin jini da a ce miki ba ki iya ba. Don mai baƙin jini zama kawai take yi, ba a sa ta koyon komai."

Maganar ta soke ni. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Na ce ke da kika sani, me ya hana ki faɗa mini kafin ki bi mota? Kin kunyata wata a taro don ki ji daɗi, ni kin bar ni da marayu ban san hagu ba ban san dama ba.

Matar ɗanta ta tsaya da tankaɗe. Na ce yau sanda za ta sauka a kaina. Gwaggo ta daɗe tana tauna goronta. Sannan ta ce gaskiya ne, ta yi gaggawa. Ta ce cikin ukun nan biyu nawa ne, ɗaya nata. Taubashina ya ce shi shekara hamsin yana gidan nan bai taɓa jin Inna ta karɓi ko rabin laifi ba, a ba shi ruwa ya sha. Ta jefe shi da ɓawon gyaɗa. Ta ce ba zan koma ba sai na kwana uku.

Kwana ukun nan su ne makarantar da na taɓa yi a duniya.

Ta ɗauko murfin tsohon kwano ta cika shi da tsakuwa, ta zuba ruwa daidai kan tsakuwar. Ta ce su tsoma baki har hanci su wanke, amma jiki ba zai shiga ba. Ta ce ruwan ya zauna kusa da abinci kullum, don agwagwa loma ɗaya kurɓi ɗaya take yi, kada in sake ba su abinci babu ruwa a gefe. Ta sa na daka tsaki ya yi laushi, na haɗa da dusa, na yayyafa ruwa har ya kama hannu bai zama kunu ba. Ta yanka ɗanyen zogale ƙanana ta barbaɗa. Ta ce kaɗan kaɗan, sau da yawa, wanda ya kwana ya yi tsami a zubar. Idan gari ya yi sanyi, garwashi a kasko a rufe da toka a ajiye gefen kwandonsu, ba a ciki ba. In sun cure a kan juna suna kuka, sanyi suke ji. In sun watse suna haki, a janye kaskon. Da rana a kife musu babban kwando a tsakar gida saboda shirwa.

Abin da ya fi burge ni gara ce. Da yamma ta sa na cusa busasshen kashin shanu da karmami a tsohuwar tukunya, muka yayyafa ruwa, muka je bayan gari muka kife ta a kan suri. Da gari ya waye muka koma, tana dogara sanda tana zagin gwiwarta. Na ɗaga tukunyar, ta cika da gara fal, fari tas suna motsi. Da muka zazzage wa 'yan agwagin, sai ka ce an ƙwala musu kiran yaƙi. Suna gudu, suna faɗuwa, biyu suka kama tsinke ɗaya suna ja. Ni da Gwaggo muka zauna a ƙasa muna dariya, tsofaffi biyu, har matar ɗanta ta leƙo ta ga ko lafiya.

Haka take da dabba. Magana take yi musu kamar mutane, ta yi wa toro faɗa a kan zalama, ta ba kaza haƙuri in ta ɗauke mata ƙwai. Ba ta ƙirga su da baki, ta ce ido kawai ya isa. Kuma ba ta yarda da kallo daga nesa. Takan ɗauki ɗan agwagwa ta taɓa ƙasan wuyansa da yatsa, inda abinci ke taruwa, ta san ya ƙoshi ko bai ƙoshi ba. Ta sa na taɓa duka takwas har sai da yatsana ya gane.

Na koma Sundimina da ƙwaryata. Kowace Juma'a sai wayar maƙwabcina ta yi ƙara, a ce Gwaggo ce a wayar matar ɗanta. Ba ta tambayar lafiyata. Kashinsu take tambaya, ruwa ne ko da kauri, wane launi. Ina tsaye a zauren mutane ina ba da labarin kashin agwagwa da ƙarfi, don ba ta ji sosai. Mazan da ke zaune su yi ta danne dariya. Ban damu ba.

A sati na uku shirwa ta ɗauki ɗaya. Na ɗaga kwando zan canza ruwa, ta sauko kamar jifa. Na zauna a ƙasa, tsohon tunanin ya taso mini. Sai na tashi na duba yadda aka yi. Na ga a fili na ɗaga kwandon, ba a gindin bango ba. Na mayar da shi ƙarƙashin rumfa. Da Juma'a na faɗa mata. Ta ce to yanzu na san shirwa, saura gafiya, in toshe ramukan ɗaki.

Bakwai suka girma, biyar mata biyu toro. Rawayar ta tafi, gashin gaske ya fara fito musu a ƙirji da fiffike. Ruwan farko ya sauka, na biyu ya cika kududdufin bayan unguwa. Gwaggo ta ce in gashin ƙirji ya rufe, in kai su. Na kora su da kara muka bi ta tsakiyar unguwa da hantsi, a jere, ni a baya. Da suka hango ruwa suka buɗe fiffike suka ruga, ni ma na ruga, zanena a hannu, mace mai jika. Suka faɗa, suka nitse, suka ɓullo can tsakiya. Da suka fito suka girgiza, ruwan ya gangare daga bayansu, na taɓa na ji a bushe. Matan da ke wanki a bakin kududdufin suna kallo. Na ƙirga bakwai da ƙarfi, na saɓa wa Gwaggo sau ɗaya.

Bana da kaka ɗaya daga cikin matan ta yi kwanci a bayan randa, ta fito da goma sha uku. Wata ta biyo ta da tara. Lokacin Gwaggo ta riga ta kwanta. Na naɗe ɗaya daga cikin 'ya'yan a gefen mayafi na kai mata. Ta rame, idonta ya daina gani sosai. Na sa mata shi a tafi. Ta lalubo ƙasan wuyansa da yatsa, ta ce ya ƙoshi. Ta ce in mayar da shi wurin uwarsa kafin yamma, kuma in daina yawo da jarirai a mota kamar wata mahaukaciya. Na ce a wurinki na gani. Ta yi dariya har tari ya kama ta. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

Bayan an yi arba'in na aika wa taubashina cewa rabin agwagin hannuna na Gwaggo ne, sun zama gado, ya zo ya ɗauka a raba wa masu haƙƙi. Ya zo a babur da matarsa a baya. Ya tsaya a tsakar gidana, agwagi sun kewaye shi suna jan igiyar takalminsa, ya ce shi ya ɗauka ƙwarya ɗaya zai tarar, ashe sai ya yi hayar akori-kura. Ya ce ya yi magana da 'yan'uwansa, in na yarda rabon Inna ya ci gaba da zama a hannuna a kan yadda muka yi da ita.

Na ce wa ya kawo wannan shawarar? Ya nuna matarsa da haɓa.

Ita ba ta dube ni ba, tana kallon murfin kwano da tsakuwa a gindin rumfa. Ta ce agwagin gidan can tun da Inna ta kwanta ƙananan suke mutuwa, ba ta san abin da take yi ba daidai ba. Ta ce, "Yaya, in na kawo miki su, za ki riƙe mini? Ko ki nuna mini."

Na ce ta kwana uku. Na miƙa mata turmi na ce ta fara da tsaki.

Allah ka jiƙan Gwaggo. Ka yafe mata faɗanta da gaggawarta, ka sanyaya mata makwanci, ka ba ta ladan kowane rai da ta ciyar, har na ukun da muka raba laifinsu. Mu da muka rage ka sa mu cika da imani.